Rigar Guguwa

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, kuma gajeriya ce, saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne. Wani na gani da idona, wani na ji da kunnena, sauran kuwa Maman Ummi ce ta ba ni da bakinta.

Ranar da Auta ya zo gida da lauya, tana tsakar gida a kan kekenta na ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuyanta, samari kuma na zaune a benci a ƙofar gida suna jiran rigunansu. Auta ƙanin mijinta ne. A gida ne ake ce masa Auta. A waje kuwa, tun da waƙarsa ta shiga motocin haya da shagunan aski, sunansa Guguwa. Duk wanda ya san Guguwa ya san rigarsa: baƙa ce, hannun dama dogo mai faɗi har yana rufe yatsu, na hagu ɗan guntu iya damtse, wuyan a karkace, ga jan aljihu a kan kafaɗa. Maman Ummi ce ta ɗinka masa ita da ragowar yadi lokacin da zai fara hawa dandamali. Yadin ne bai isa hannu biyu ba, ta yi dabara. Shi kuwa a rediyo cewa yake yi dogon hannun na bayarwa ne, guntun na karɓa, don jama'a su san halinsa.

Aka aiki Ummi ta kira uwarta falon Hajiya. Hajiya, uwar mijin Maman Ummi, tana kishingiɗe a doguwar kujera. Baban Ummi na gefe riƙe da wayoyi biyu, domin tun da ƙaninsa ya yi suna ya rufe shagonsa na gyaran fanka ya zama manaja. Lauyan ya ɗosana a bakin kujera yana zufa cikin kwat.

Auta ya ce, "Matar Yaya, albishirinki. An yi wa rigata rajista."

"Rajista kuma? Kamar mota?"

"Barista, yi mata bayani."

Lauya ya gyara murya. "Daga yau fasalin wannan riga mallakin mai girma Guguwa ne a hukumance. Dogon hannun, guntun hannun, karkacewar wuyan, har da jan aljihun. Duk wanda ya yanka, ko ya ɗinka, ko ya sayar da makamanciyarta ba da izini ba, ya saci fasaha."

Maman Ummi ta tuntsire da dariya. "Kai, telolin kasuwa sun shiga uku! Gara haka, wallahi ɓata ta suke yi. Na ga wata rannan, aljihun a hammata suka dasa shi."

Babu wanda ya taya ta dariyar. Lauya ya kalli Auta, Auta ya kalli yayansa, yayan ya kalli wayarsa.

Hajiya ce ta fasa ƙwan. "Har da ke, 'yar nan. Samarin nan da ke cika mana ƙofar gida, a sallame su."

"Hajiya, ni fa na ɗinka ta."

"Wa ya ce ba ke ba ce? Shi kuma shi ya sa ta. Rigar da ba a sa ba ai tsumma ce a jikin ƙusa. Da can da kike ɗinkinki, wa ya taɓa tsayawa ya ɗauki hotonsa?"

Lauya ya ɗora da murmushi, "Hajiya ta gama magana. Mu a wurinmu ba a tambayar wanda ya riƙe almakashi. Wanda ya riga isa ofis ake tambaya."

Auta ya matso ya sassauta murya. "Matar Yaya, kada ki ɗauka da zafi, girma ma kika samu. Ke kaɗai ce a duk duniya aka yarje wa ki ɗinka ta. Sai dai ni kaɗai za ki riƙa ɗinka wa." Ya zaro wata 'yar leda cike da ƙananan ƙyallaye masu rubutun zinariya ya miƙa mata. "Wannan kuma ki riƙa ɗinke shi a bayan wuya."

"Me aka rubuta?"

"Cewa aka yi ɗinkin ƙasar waje ne. Kin san mutanenmu. In suka ji a tsakar gida aka yi ta kusa da rariya, darajarta ta zube."

Da suka koma ɗaki ta tsare mijinta. "Baban Ummi, kana zaune aka yi wannan?"

"To me kike so in ce? Ɗan'uwa rabin jiki ne. Arzikin Auta namu ne gaba ɗaya. Ke in aka ce rigar Guguwa, ba daɗi kike ji a ranki ba?"

"Daɗin zan zuba wa Ummi a kwano?"

"Kin ji matsalarki. Ba kya hangen nesa." Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga ya fice yana cewa, "Eh, manajan ne ke magana."

Haka ta fito ta mayar wa samari yadinsu, wani an yanka, wani an haɗa saura maɓalli. Suka karɓa suna gunaguni, suka nufi kasuwa wurin masu dasa aljihu a hammata.

Da farko ta ce ba komai, ai akwai ɗinkin mata. Ana nan sai aka ce 'yan talabijin za su zo su ɗauki gidan da aka haifi Guguwa. Baban Ummi da kansa ya kinkimi keken ya shigar da shi sito.

"Na kwana biyu ne, har baƙin su tafi. In suka ga keke a tsakar gida za su fara tambaye-tambaye."

Baƙi suka zo suka tafi, keke bai fito ba, domin kullum akwai wasu baƙin a hanya. Siton nan ba shi da taga. Buhuna ne a ciki, da tsofaffin fankoki da aka kwaso daga rufaffen shagon, sai ƙwan lantarki guda mai hasken da bai fi na ashana ba. A nan take zama tana bin baƙin zare a kan baƙin yadi. Daga gidanmu na daina jin ƙarar keken sosai, sai can ƙasa-ƙasa kamar mai nishi a cikin rijiya.

Aikin kuwa ba ya yankewa, saboda Auta ya tsiro da sabon salo: duk wasan da ya yi, in ya zo ƙarshe sai ya tuɓe rigar ya wurga wa 'yan kallo, su yi ta kokawa a kai. Hannun bayarwa ke nan. Washegari sai a aiko da yadi a ce a yi sauri. Matan unguwa da suka kawo ɗinki suka gaji da jin "ki dawo jibi", ɗaya bayan ɗaya suka karɓe kayansu. Ladan aiki kuwa, sau ɗaya ta yi ƙarfin halin tayar da maganar a gaban Hajiya.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau na ga zamani. A biya mutum a gidansu? To shinkafar da kike ci fa, daga sama take zubowa?"

Auta da ya ji labari ya nuna shi ba butulu ba ne. Ya aiko mata da ƙaton hotonsa cikin firam, ya sa hannu a ƙasa da alƙalami mai ruwan azurfa. Aka kafa shi a bangon sito, daidai inda taga ya kamata ta kasance.

Idanunta suka fara ruwa. In ta fito daga siton sai ta tsaya ta dafa bango, hasken rana na sukar ta kamar barkono. Wata rana na leƙa ta katanga na gan ta tana ta kai zare bakin allura yana wucewa ta gefe, har sai da Ummi ta karɓa ta zura mata. Na ce, "Maman Ummi, ki je asibiti fa."

"Na faɗa wa babanta. Ya ce a bari a gama wasan ƙarshen wata."

Wasan ƙarshen wata ya wuce, na tsakiyar wata ya taso. Hajiya ta ce ta rage kallon waya ta riƙa sa kwalli. Matar da rabonta da riƙe waya tun da Baban Ummi ya ari tata don amsa kiran masoya.

Abin da ya ƙarasa ta ƙaramin abu ne. Ummi ta dawo daga makaranta tana kuka. Za a yi walimar ba da hutu, an ce kowa ya zo da kayan gida, kuma rabin ajinsu sun ce rigar Guguwa za su sa, ta kasuwa. Suna yi mata dariya wai ita da take taƙama Guguwa ƙanin babanta ne, ko guntun hannun ba ta da shi. Uwar ta rarrashe ta ta ƙi shiru. Sai ta tattara ƙyallayen da ke zube a ƙasan keke, ta harhaɗa mata 'yar ƙarama. Don ta kauce wa fitina, aljihun ma shuɗi ta sa.

Rigar ta zauna wa yarinyar kamar a jikinta aka halicce ta. Wata malama ta ɗauki hoto ta sa a waya, ta rubuta cewa ga 'yar gidan Guguwa cikin rigar gado. Kafin azahar hoton ya isa layin teloli a kasuwa, waɗanda Lauya ya daɗe yana hana su sakat da barazanar kotu. Shugabansu ya buga hoton ya manna a ƙofar shagonsa. Duk yaron Lauya da ya zo, sai ya nuna masa da tsinin almakashi ya ce, "Ku fara kama ta gidanku."

Aka sake zama a falon Hajiya, wannan karon ba a kira Maman Ummi ba. Muryar Lauya kawai muka jiyo ta taga yana cewa, "In ba a nuna misali ba, rajistar nan ta zama takardar ƙunshe gyaɗa."

Da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gidan. Wasu maza masu riguna iri ɗaya suka fito, da mai kyamara, da Auta cikin baƙin tabarau. Ya riga su shiga, ya sami Maman Ummi tana wanke-wanke, ya durƙusa kusa da ita kamar mutumin kirki.

"Matar Yaya, ki yi haƙuri, wasan kwaikwayo ne kawai za mu yi don 'yan kasuwa su tsorata. Keken da yamma zai dawo. Ni da ke ai akwai wasa."

Kafin ta ɗauraye hannunta an fito da keken an dire shi a tsakiyar titi. Aka zube tarin rigunan da aka ƙwato daga kasuwa a gefensa. Ɗaya daga cikin mazan ya shiga ya ciro rigar Ummi daga igiyar shanya, tana ɗigar ruwa. Unguwa ta taru. Aka ce Maman Ummi ta tsaya a bayan keken, ta tsaya, da kumfar sabulu a damtsenta, tana ƙifta idanun da ba sa son rana.

Auta ya fuskanci kyamara, ya ɗaga dogon hannunsa. "Masoyana, yau zuciyata a karye take. Satar fasaha ta shigo har cikin gidanmu. Amma ni Guguwa ba na zaɓe. Gaskiya daga gida take farawa. Ko mahaifiyata ce ta kwaikwayi rigar nan, sai doka ta yi aikinta."

Na hango Hajiya ta labulen taga tana gyaɗa kai, tana share ƙwalla don alfahari.

Mai kyamara ya ce maganar ta yi kyau, amma ana bukatar wani abu da zai taɓa zuciya. Sai Auta ya ja aljihun keken, ya ɗauko almakashin Maman Ummi, ya ɗaga 'yar rigar sama ya datse dogon hannun. Ihun da Ummi ta yi har yau yana kunnena. Mai kyamara ya ce hayaniyar yarinyar ta ɓata sautin, a sake. Aka riƙe Ummi a cikin gida, Auta ya ɗauki abin da ya rage na rigar ya sake datsawa.

Yamma ta yi, keke bai dawo ba. Da ta tambaya, Baban Ummi ya ce, "Yanzu ai shaida ne, yana hannun hukuma. Kina so a ce mun yi katsalandan?"

Bidiyon ya zaga gari. A ƙasansa an rubuta ɓarauniyar fasaha. Kafin ya iso bakin matan unguwa kalmar fasaha ta faɗi a hanya, ta farkon ce kawai ta iso. Matan da suka shekara suna barin yadinsu a hannunta suka fara tuno wai dama ɗinkinsu kan matse su, ashe rage yadin take yi. In ta shiga gidan suna ko gaisuwar rashin lafiya, sai ka ga ana jan jaka ana matsewa a hammata. Ummi kuwa ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma makaranta ba, don an sa mata suna Guntun Hannu.

Maman Ummi ta ɗaure kayanta ta ja 'yarta suka tafi gidan iyayenta. Mahaifiyarta ta saurare ta har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Haƙuri dai, 'yata. Mutane nema suke su raɓi gidan nan, ke kina ciki za ki fito?" Yayanta, wanda ta sa ran zai tashi ya ɗaura ɗamara, ya ce lallai an ci mutunci, kuma ba zai yarda ba, sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Ya rako ta har bakin titi yana huci. Da mota ta tsaya, sai ya sunkuyo ya ce, "Af, in kin koma, wasan nan na babban fili, ki ce wa Baban Ummi ko tikiti biyu ne ya taimaka."

Ta dawo. Ba wanda ya je biko, ba kuma wanda ya tambaye ta ina ta je, domin gidan na cikin wata sabuwar murna. Wani babban ɗan kasuwa ya cika gari da rigar Guguwa ta kamfani, dila-dila daga ƙasar waje, a farashin da ko almajirin tela ba zai iya karyawa ba. Lauya ya je da barazanarsa, ya tarar lauyoyin mutumin sun fi shi tsadar kwat. Aka rufe ƙofa aka tattauna, aka fito ana musafaha. Ɗan kasuwa ya zama abokin hulɗa, hotonsa da na Auta ya hau allon talla. Shi bai saci fasaha ba, faɗaɗa ta ya yi.

Baban Ummi ya shigo ɗaki da fara'a ya ce, "Kin ga yadda Allah yake lamarinsa? An hutar da ke. Ba sauran zaman sito, ba sauran ciwon ido."

"Kekena fa?"

"Ke kam ba kya mantuwa."

Ta ga kekenta kuwa, amma a talabijin. An tara kowa a falon Hajiya don kallon hirar da aka yi da Auta a sabon gidansa. Can kyamara ta juya, sai ga keken a tsakiyar falo, an goge shi yana ƙyalli, an kewaye shi da jar igiya. Mai gabatarwa ta ce wannan shi ne keken tarihi da Guguwa ya ɗinka rigarsa ta farko da hannunsa, a lokacin da ba shi da kowa sai Allah. Auta ya zauna a kai, ya ɗora ƙafa yana takawa, yana kallon nesa kamar mai tuna wahala.

Hajiya ta fashe da kuka. "Allah sarki Autana! Tun yana rarrafe yake son allura."

Maman Ummi ta matsa kusa da gilashin, ta ƙanƙance ido, ta ce a hankali, "Ko zare babu a jiki."

Baban Ummi ya juyo a fusace. "Ke dai ba kya son ci gaban yaron nan. Hassada ga mai rabo taki ce."

Maman Ummi ta tashi ta je ta ɗora tukunya, don masu kallon sun fara cewa yunwa.

Ni dai na zauna da mutane iri-iri, amma ban taɓa ganin gidan da aka yi wa mutum fashi da rana tsaka, kowa na ciki ya ba da hannu, kuma kowa ya kwanta yana jin shi ne aka ɓata wa rai ba, sai wannan. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Hajiya har gobe cewa take ta riƙe surukarta kamar 'yar cikinta. Auta in ya zo yakan tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Matar Yaya ta kaina!" Da a ce wani baƙo ne ya tsallako katanga ya ɗauki keken nan, da duk unguwa mun fito da taɓare. Da yake na gida ne, sai muka fito da wayoyi.

Daga baya ta roƙi mijinta ya bar ta ta riƙa fita kasuwa tana gyaran kaya da allurar hannu, ko ta samu na mayar da Ummi wata makarantar. Ya yi shawara da Hajiya, aka amince, bisa sharaɗin kada ta faɗa wa kowa daga gidan da ta fito, don kada ta zubar wa Auta da daraja.

Yanzu tana zama a ƙarƙashin matattakalar wani bene, kusa da wata dattijuwa mai sayar da maɓalli, wadda ke zura mata zare in idon ya ƙi. Ciniki kuwa ba laifi, domin rigar kamfanin wanki ɗaya take jira ta ɓarke a hammata. Duk wanda tasa ta yage, can ake nuna masa.

Rannan na biya in gaishe ta, sai ga wani saurayi ya zo da tasa a hannu, jan aljihun yana reto da zare ɗaya. Ta karɓa ta juya ta, ta shafa wuyan da yatsa, ta ɗauki allura.

Saurayin ya ce, "Baba, a hankali fa. Wannan ba irin ɗinkinku ba ne. Kin san tarihinta kuwa? Jiya Guguwa ya faɗa a rediyo, a mafarki aka nuna masa ita. Yana barci ya ga rigar tana saukowa daga sama, ya farka ya ɗinka."

Maman Ummi ta ciji zaren ta tsinke shi, ta miƙa wa dattijuwar allura ta zura mata wani.

Ta ce, "Allah ya ƙara masa barci, ɗana."

Saurayin ya shafa fuska ya ce, "Amin, Baba."